Ruwan Kanwar Alhaji Harun

"...da zafin nan kuma? Wushe, Sista Margaret, sannu. Ga kaya na kawo miki, ki duba min ko da sauran amfani a jikinsa. In babu, mu kai wa mahauta tun bai faɗi da kansa ba."

Hajiya Fanna ce ke wannan magana daga bakin ƙofar kemis ɗina, tana gyara lafaya, ƙamshin humra ya riga ta shigowa. Kayan da take nufi kuwa yana bayanta yana kokawar saukowa daga keke napep: Alhaji Harun dillalin shanu, sanda a hannun dama, wani tsohon filas a hammata.

"Rabu da ita, Sista," in ji shi, yana haki. "Tun muna yara take jiran in mutu ta gaji shanuna. Ko bunsuru ba za ta samu ba."

"Wa ke son gadonka? Ni fatar nake jira. Buzu uku za ta yi, har a samu ragowar takalmi."

Wanda bai san su ba sai ya ce yanzu za a kira 'yan sanda. Taubasai ne. Mahaifiyar Alhaji da mahaifin Hajiya ciki ɗaya suka fito, su biyun kuma tare suka tashi suna korar maruƙa a dajin Ngala, kafin iyayensu su ajiye sandar kiwo su shigo gari. Yau ita tana haɗa turaren wuta a unguwar Abbaganaram, shi yana Kasuwar Shanu. Dukansu sun haura sittin, amma ban taɓa ganin sun haɗu sun rabu ba a ci mutuncin wani ba. Ita 'yar namiji ce, don haka a wurinta Alhaji bawanta ne na gado. Shi kuma ya ce bai taɓa ganin uwargijiyar da iska ke ɗauka ba.

Ni abin da ya haɗa ni da su firji ne. Shekara talatin na yi ina aikin nas kafin in buɗe wannan kemis a unguwar Maisandari, kuma duk layinmu ni kaɗai ce mai firjin sola. Da Dakta Dzarma ya ɗora Alhaji a kan allurar rage ƙiba, wadda ake yi sau ɗaya a mako kuma ba ta son zafi, sai aka kawo min ajiyarta. Duk Alhamis da hantsi yakan zo in yi masa.

Ba don kwalliya yake yi ba. Gwiwoyinsa ne suka gaji da ɗaukarsa. Shekara uku ke nan rabonsa da ya kai goshinsa ƙasa. A kan wata farar kujerar roba yake salla, can ƙarshen sahu. Likita ya ce masa in ya sauke kilo ashirin da biyar, akwai kyakkyawan zaton gwiwar za ta yarda ta lanƙwashe. Ya sauke goma sha ɗaya. Sai awon jinin da aka yi masa makon jiya ya nuna ƙodarsa ta fara ƙorafin rashin ruwa. Dakta ya ce a sake awo ran Litinin, in ba ta gyaru ba za a tsayar da allurar gaba ɗaya. Wannan Alhamis ɗin saura kwana huɗu ke nan, ga shi muna tsakiyar Afrilu, zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa.

Na ba shi benci ya zauna, na tambaye shi jiki. Ya ce garau. Hajiya ta ce garau ɗin ne ya shimfiɗe shi shekaranjiya a tsakiyar kasuwa.

"Ba faɗuwa na yi ba. Kofaton wani sa na sunkuya in duba."

"Da kunne kake duba kofato? An ce min kuncinka ne a ƙasa."

"Wa ya ce miki?"

"Abokinka Kashim. Ya ce su biyar suka ɗaga ka, na shida yana ba da umarni. Har wani baƙo ya tsaya yana tambaya ko na sayarwa ne."

"Kashim maƙaryaci ne. Su uku ne."

"To kin ji, Sista. Bai faɗi ba, amma su uku suka ɗaga shi."

Ni dai ban yi dariya ba. Na ɗaura masa abin awo, na ga jini ya hau, zuciya tana gudu. Leɓɓansa sun bushe sun tsattsage, harshen kuma ba a magana. Na tambaye shi amai da gudawa, ya kalli silin ya ce kaɗan-kaɗan. Duk wadda ta yi aikin asibiti ta san kaɗan-kaɗan ɗin namiji. Na ce to ruwan da likita ya ce ya riƙa sha fa? Sai ya ɗaga filas ɗin nan da alfahari, ya ce ai shi ya wuce nan, ya haɗa wa kansa wanda ya fi na likita.

Na buɗe murfin, sai da na ja da baya. Wani ruwa ne rawaya mai kauri, yana warin kanwa haɗe da wani abu kamar ɗakin kaji.

"Alhaji, mene ne wannan?"

Ya gyara zama kamar za a fara ciniki. Ya ce shi fa ya saurari Dakta da kyau. Dakta ya ce allurar tana kashe yunwa, tana kashe ƙishirwa, kuma in ga amai ga gudawa ga gumi, ba ruwa kaɗai jiki ke zubarwa ba, har da gishirinsa, don haka dole a mayar masa. Shi kuwa da ya ji haka sai ya ce a ransa, yo wannan ai karatun da ya haddace ne tun Dakta bai zo duniya ba. Me ake ba shanu in sun sha tafiya? Kanwa. Ya sa aka nemo masa kanwa ungurnu mai kyau ya jiƙa. Sannan ya zura hannu a aljihu ya fito da wani fakiti ya ajiye min a kan kanta, da hoton saniya da tunkiya da kaji uku a jiki. Garin da suke zuba wa dabbobi ne a ruwa in an sauke su daga tirela.

"Kuma ba da ka na sha ba," in ji shi. "An rubuta a jiki, gwargwadon nauyin dabba. Na ƙiyasta kaina a maraƙin da aka yaye."

Hajiya ta riƙe haɓa. "Maraƙi? Ka cuci mai saye. Ko makaho ya shafa ka ba zai ce maraƙi ba."

"Shekara arba'in ina kallon dabba in faɗi nauyinta, ban taɓa kuskure ba."

"Shi ya sa. Matarka Latifa ta ce min kwana biyun nan in ka zauna sai ta ga kana tuƙa. Na ce ta riƙa duba bayan wuyanka, in tozo ya fara fitowa ta gaya min in nemo igiya."

"Latifa ba ta faɗi haka ba."

"Ta ce har ka fara yi wa dusar awakinta kallon abinci."

"Ke da za a ba ki wannan garin ki yi wata guda kina sha, wataƙila a fara ganinki in kin juya gefe. Mace kamar tsinken turare, sai hayaƙi ba nama."

A nan na katse su, don raina ya ɓaci da gaske. Ni ana wasa da ni a kan komai, ban da magani. Na ce masa mutumin da ke shan maganin hawan jini, ƙodarsa kuma tana kuka, shi ne zai ɗura wa cikinsa kanwa? Abin da ke cikin garin dabbobin nan ni kaina ban san iyakarsa ba, kuma ba don cikin mutum aka auna shi ba. Na fita na tuntsurar da ruwan a kwata yana kallo. Da na dawo na faɗa masa abin da bai zo ji ba: yau babu allura. Ba zan soka wa busasshen mutum abin da zai ƙara busar da shi ba.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dubi firjin, ya dube ni. Ya ce, a hankali, in aka tsallake ta yau ai an fara tsayarwa ke nan. Na ce ba a tsayar ba tukuna, Litinin ce za ta yanke hukunci, kuma abin da ya sha daga yau zuwa ranar shi ne zai yi magana a madadinsa.

"To a ba ni na mutane," in ji shi. "Amma mai ƙarfi."

Na jero masa abin da nake da shi a kan kanta. Hannunsa bai tsaya ko'ina ba sai kan wata shuɗiyar kwalba mai hoton ɗan ƙwallo yana tsalle.

"Wannan. Dubi ƙirjinsa."

"Ka ga sa'anka ko?" in ji Hajiya. "Ba shi, Sista. Gobe sai mu ji an ɗauke shi tsaron gida. Ba sai ya motsa ba ma, tsayuwa kawai zai yi ya toshe ragar."

"Ke kuma a kafa ki a matsayin sandar kusurwa."

Na ce ya ajiye. Wannan sukari ne ya cika shi, gishirin cikinsa ba wani na kirki ba ne. An yi shi don wanda ya yi awa biyu yana gudu, ba don mai son sauke tumbi ba, kuma zaƙin nan yana iya ƙara sakin cikin. Ya nuna na gwangwanin da ke kusa, wai masu lodin shanu suna sha su yini suna aiki. Na ce wannan ko kallonsa kada ya yi, zuciyar da dama gudu take yi ba bulala take buƙata ba. Na nuna masa wani dogon bututu mai ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa, babu sukari a ciki. Na ce wannan ba laifi a ranar da ciki ya lafa sai gumi kawai, amma shi da ke kan maganin hawan jini, sai likita ya karanta abin da ke ciki ya amince tukuna. Ya juya bututun, ya girgiza shi a kunne, ya ce wannan dai ya yi kama da abin manya.

Sannan na tura masa ɗan ƙaramin fakitin gishiri da sukari, wanda kowace uwa a Borno ta sani. Na ce ga wanda ya dace da halin da yake ciki yau, mai amai da gudawa. An auna komai daidai, ɗan sukarin da ke ciki ma aikinsa ya ja gishirin da ruwan su shiga jiki.

Ya ɗaga shi da yatsa biyu. A jiki akwai hoton jariri a cinyar uwarsa, ana ba shi da cokali.

"Sista, ni za ki ba na jarirai?"

"Au," in ji Hajiya, "mai hoton kaza ka sha ba ka ji kunya ba, sai mai hoton ɗan Adam?"

"Saniyar na duba, ba kazar ba. Saniya abar girmamawa ce."

"To a kawo cokali. Zo nan, ɗan maraƙina, hau cinya."

"Cinyar tana ina? In na zauna a kanki ai sai dai a kwashe ki da tsintsiya."

Ya ture fakitin. Ya rantse ba zai shiga Kasuwar Shanu da maganin zawon yara a aljihu ba, in Kashim ya gani ya shiga uku har shekara ta zagayo. Ya ce kuma duk wannan surutu ne, shi ba ya jin ƙishirwa ko kaɗan, kuma ba wanda ya kai shi sanin jikinsa. Na buɗe baki zan yi masa irin tamu ta asibiti, sai Hajiya ta taɓa ni da gefen lafayarta, alamar in bar mata.

Ta ja kujera ta zauna, ta sauke murya kamar mai neman shawara. Ta ce a bar maganar magani, ita dama akwai abin da take son tambayarsa. Tana so ta sayi san layya tun da wuri ta ɗaure, kuma an ce mata akwai waɗanda za a sauke daga tirela, kwana uku suna hanya. Ita kuma ta manta abin da ya koya mata suna yara. Yaya ake gane wanda hanya ta busar?

Ai kuwa ya hau. Duk wanda ya san Alhaji ya san in aka taɓo masa shanu, ko gobara ake yi sai ya kai aya.

"Yanzu kika dawo hanya. Da farko ki dubi hancinsa. Lafiyayyen sa hancinsa da danshi. In ya bushe ya tsage, ki ja baya."

"Hanci. Sai me?"

"Ido. In ya faɗa ciki, akwai magana. Sannan ki tsaya ki ga fitsarinsa. In kaɗan ne, ja kamar shayi, ruwan jikinsa ya tafi."

"In na kai shi gaban ruwa ya kau da kai fa? Ka ga ai ba ya jin ƙishirwa ke nan."

"Wannan shi ne mafi haɗari, jahila. Wanda ya bushe sosai shi ne ke ƙin ruwa. Sai an lallaɓa shi, kaɗan-kaɗan, a huta, a sake."

"Ba sai in ba shi kanwa ya ji ƙarfi ba?"

Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ki ba busasshen sa kanwa, ba ruwa a cikinsa? Ai kin kashe shi. Wa ya koya miki kiwo?"

"Kai."

Ina tsaye bayan kanta ina kallon maganar tana isa inda aka aike ta.

"Akwai ɗaya da ka manta," in ji ta. "Ta fatar wuya. Ka ce a kama, a ja, a saki. In ta koma nan take, lafiya. In ta tsaya fa?"

"In ta tsaya ba na saye," ya faɗa ciki-ciki.

"To kama bayan hannunka mu gani. Da kanka, kada ka ce na yi maka asiri."

Ya yi kamar ba zai yi ba. Can ya sa yatsa biyu ya kama fatar bayan hannunsa na hagu, ya ja, ya saki. Fatar ta tsaya cak, ta yi ɗan tudu, ta daɗe kafin ta kwanta. Ni na san fatar tsoho ko da ruwa a jikinsa ba ta saurin komawa, ba da ita kaɗai muke yanke hukunci a asibiti ba. Amma na ga harshensa, na ji bugun zuciyarsa, don haka na bar fatar ta yi aikinta.

"Dillali," in ji Hajiya, "ka saya?"

Ya daɗe yana kallon hannun. Da ya tashi magana ma ba ita ya kalla ba, ƙasa ya kalla.

"Fanna, ba wai ban sani ba ne. Duk kofin ruwan da na sha, tsuguno ɗaya ne. In na tsuguna a bayi sai na kama bango kafin in miƙe, wani lokaci sai na kira Latifa ta ja ni. Shi ne na ga gara in rage ruwan, in sha mai ƙarfi kaɗan ya wadatar." Ya murza sandar a tafinsa. "Kin san inda suke ajiye min kujerar nan? Wajen takalma. Liman ya yi kabbara kowa ya tafi ƙasa, ni kaɗai nake sama ina kallon bayan mutane. Ba na so in mutu ban sake jin sanyin ƙasa a goshina ba. Iyakar abin da nake nema ke nan."

Tausayinsa ya kama ni, har na ji kunyar faɗan da na yi masa. Hajiya kuwa ta juya tana gyara lafayar da ba abin da ya same ta, ta daɗe tana gyarawa. Da ta juyo idonta ya yi ja, amma bakin yana nan yadda yake.

"Yanzu saboda tsuguno za ka kashe min bawa? Bawan da na gada tun ina goye? Ba ka isa ba. Akwai mai walda a bayan gidana, kafin la'asar zai haɗa maka kujerar ƙarfe mai rami, ka zauna kamar gwamna. Ka ga ka zama mai kujera biyu, ko ɗan siyasa sai haka."

Ya ɗago kai a hankali. "Ki ce ya sa ƙarfe mai kauri."

"Irin na gada zan ce ya sa."

Na kira Dakta Dzarma a waya na zayyana masa komai, har da kaji ukun. Ya tambaya ko Alhaji yana kusa. Na ce yana ji. Ya ce a gaya masa shi likitan mutane ya karanta, in na dabbobi ake so a faɗa masa ya ba da lamba. Ya amince a ɗage allurar. Ya ce fakitin jariran nan shi ne daidai muddin cikin bai tsaya ba: guda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kada a rage ruwan wai don a ƙara masa ƙarfi, a riƙa kurɓa a hankali, abin da ya kwana ya wuni a zubar. Tsakani kuma ruwa zalla, ko da ƙishirwa ko babu, har fitsari ya yi haske. Mai kumfar a ajiye tukuna, a zo masa da bututun ran Litinin ya duba. Ya faɗa min wanda za a dakatar na kwana biyu a cikin magungunan hawan jinin. Kanwa kuwa, ya ce a bar wa masu ita. In kuma jiri ya sake ɗibarsa ko aman ya ƙi tsayawa, kada a jira Litinin, a kawo shi asibiti a ranar.

Na wanke filas ɗin sau uku da sabulu, warin kajin ya ƙi fita, sai na ɗauko gorar ruwa mai lita ɗaya na haɗa a gabansa. Yana ta hararar fakitin. Hajiya ta miƙa hannu ta ɗauki almakashina, ta yanke hoton saniyar daga jikin tsohon fakitinsa, ta bar tunkiyar da kajin, ta nemi salatif ta manna a jikin gorar.

"Ga shi. In Kashim ya tambaya, ka ce na bijimai ne, daga waje aka kawo."

Ya karɓa ya juya gorar, ya dubi saniyar. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Kamar hawaye."

"Na Latifa ne da ka sa ta zubar shekaranjiya. Ƙara."

Ya ƙara. Ya huta, ya sake ƙarawa, yadda ya ce ana yi wa sa. Sannan ya laluba ɗaya aljihun ya ciro ragowar ungurnun, dunƙule guda, ya ajiye a gabanta yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Na sallama. Yau kin kayar da ni. Ga ladan kiwonki, ki je ki lasa."

"Riƙe kayanka, ni ba a sallamata da kanwa. Farar kujerar nan nake so. Ta wajen takalma."

"Me za ki yi da ita?"

"Kaskon turare zan ɗora. Amma ba aike nake so ba. Ranar da ka gama da ita, kai za ka kawo min da hannunka."

Ya dube ta, sai kawai ya ɗaga gorar ya sake kurɓa. Tunda nake da su ban taɓa ganin ya bar mata maganar ƙarshe ba.

Ran Litinin awo ya yi dama-dama, ba duka ba, amma ya isa Dakta ya ce a ci gaba da allurar, a rage mata ƙarfi. Daga nan duk Alhamis da gorarsa mai saniya yake zuwa. Yawanci ruwa ne zalla a ciki, ranar gumi mai yawa ya jefa mai kumfar da likita ya amince masa, ranar da ciki ya ɓaci ya aiko a ba shi na jariran ba tare da musu ba. Hoton ya koɗe, an sake manna shi ya fi sau biyar. Hajiya kuwa ta hana wayarsa sakat, kullum sai ta kira ta tambaya ko an shayar da maraƙi.

Bayan damina, wata Alhamis, bai zo da hantsi ba. Sai ga Hajiya bayan azahar tana mita, wai ya kira ta ya ce ta same shi a kemis, ya sa ta baro turarenta a kan wuta. Tana cikin mitar keke ya tsaya. Alhaji ya sauko ba sanda, babbar riga tana yawo a jikinsa, farar kujerar roba a hannu. Ya shigo da ita ya dire a gabanta.

"Ga kayanki. Ƙafa ɗaya ta ɗan tsage, ba ruwana."

Hajiya ba ta kalli kujerar ba. Goshinsa take kallo. Akwai yashi manne a wurin, ɗan kaɗan, irin na harabar masallacin layinsu, kuma kana gani ka san ƙin sharewa ya yi tun daga can.

"Dube shi," in ji ta. "Tsoho da kai, ko fuska ba ka iya wankewa ba. Matso in goge maka."

Ya kare goshin da tafin hannunsa. "Taɓa ki gani. Shekara uku da rabi ina neman wannan ƙasar."

Ta zauna a kan kujerar tana dariya tana share ido da gefen lafaya. Ni kuma na juya na buɗe firji na daɗe ina neman allurar da ke gabana, don ban ga dalilin da zai sa su ga tsohuwar nas tana kuka ba.